Yadda za ka lallaɓa ka gama lisans ɗinka (digirin farko)

Yawancin yaranmu da ke barin jami'a a shekara ta biyu ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba wallahi, kuɗi ne da rashin sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. To ƙanina saurara.

A jami'o'in gwamnatin Kamaru, Ngaundere ce ko Marwa ko Garwa da aka kafa a 2022, kuɗin makaranta sefa 50,000 ne a shekara, kuma ana karɓa kashi biyu. Biya na farko da wuri, ka yi wa rasit fotokofi ka ɓoye na asalin a ƙasan akwati. Mai naƙasa kuwa dokar 2010 ta ba shi damar neman ragi ko yafiya, amma fa sai da katin naƙasa daga ofishin afer sosiyal, wato na jin daɗin jama'a, baki kawai ba ya yi.

Inda aka fi faɗuwa shi ne maki. Lisans kiredi 180 ne, wato ma'aunin darussan da ka ci, 60 kowace shekara, darasi ɗaya da ka bari a baya zai iya riƙe maka takarda abokanka sun tafi kana nan. Ranar da aka liƙa sakamako a babiyar, wato allon sanarwa, je ka da ƙafarka ka bi layin matirikil ɗinka, wato lambarka ta ɗalibi, da yatsa, kar ka dogara da hoton WhatsApp da aka ɗauka a karkace rabi ya dushe. In ka ga gurbin makinka fayau alhali ka rubuta jarabawar, a ranar ka rubuta reket, wato takardar ƙorafi, sa sunan darasi da na malami da matirikil, ka tambayi delege, wakilin ajinku, inda ake ajiyewa don kwanakin karɓa kaɗan ne kuma in an rufe an rufe ke nan. Ratrapaj ma, wato sake rubuta jarabawar da ka faɗi, ba abin kunya ba ne, masu jin kunyar su ne ke maimaita shekara.

Akwai pirim, wato kyautar kuɗin da gwamnati ke ba masu ƙoƙari, 50,000, duba sunanka a lis, ba dai ya zuwa da wuri don haka kar ka ci bashi a kansa. 'Yan gudun hijira irin na sansanin Minawao su nemi tallafin karatu na DAFI ta hannun HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ɗaki a site, wato masaukin ɗalibai na jami'a, ya fi minisite, gidajen hayar ɗalibai na Dang inda jami'ar Ngaundere take, araha nesa ba kusa ba, sai dai ɗakunan ba su da yawa, kai takardunka tun makon rajista. In bai samu ba ku haɗu ku biyu ku raba haya da tukunya.