Yadda Ake Riƙe Bugu da Jita Irin na Freddie Green

Freddie Green, makaɗin jita, ya shiga ƙungiyar kiɗan jaz ta Count Basie a 1937, bayan John Hammond, mai shirya faifan kiɗa, ya ji kiɗansa a wani kulob a birnin New York, kuma bai bar kujerar ba, in ban da ɗan taƙaitaccen lokaci, har rasuwarsa a 1987. Kusan shekara hamsin ke nan yana yin abu ɗaya: bugu huɗu daidai wa daida a kowane awo (wato kowace gaɓar kiɗa), da jita marar wuta, a tsakiyar masu busa fiye da goma. An haife shi a Charleston ta jihar South Carolina a Amurka a 1911, kuma da banjo ya fara. Da wuya ka ji ya yi kiɗan kaɗaici. Shi da Walter Page mai bas da Jo Jones mai ganguna da Basie a kan fiyano su ne ƙashin bayan ƙungiyar. Wanda ke son koyon salonsa ya fara yarda cewa aikin jita a nan riƙe lokaci ne, ba nuna gwaninta ba.

Fara da kayan aiki. Green ya yi amfani da manyan jitoci masu tudun fuska, irin su Epiphone Emperor da Stromberg, daga baya Gretsch Eldorado. Ba dole sai ka mallaki irinsu ba, jitar katako mai tsirkiyar ƙarfe za ta yi. Abin da ba a sassautawa shi ne kaurin tsirkiya: sa saiti mai farawa daga inci .013 zuwa .056. Siririyar tsirkiya takan yi zizar idan aka buge ta da ƙarfi, sautin ya watse. Ɗaga jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa, har tazarar da ke tsakanin tsirkiya da wuyan jita ta kai kamar milimita 3 a gida na 12 (gida shi ne tsakanin ƙarafa biyu na kan wuyan, ana ƙirgawa daga kan jitar). Ta Green ta fi haka nesa ba kusa ba, amma kada ka bi shi tun yau, yatsunka za su gaji kafin su ƙware. Makaɗin, wato ɗan abin da ake buga tsirkiya da shi, ya zama mai tauri, milimita 1.5 ko sama. Zauna ka kwantar da jitar kaɗan a cinya, fuskarta na kallon sama, bayanta bai manne da cikinka ba, don katakon ya samu damar amsawa.

Hannun hagu shi ne inda aka fi ɓata. Manta da kod (haɗin sautuka da ake bugawa tare) mai tsirkiya shida. Uku kawai za ka danna: ta 6, ta 4 da ta 3, ana ƙirgawa daga siririya zuwa mai kauri. Ta 5 kuwa, cikin yatsan da ke kan ta 6 zai kwanta a kanta ya kashe ta, ta 2 da ta 1 kuma gefen yatsun ya taɓa su. Gwada waɗannan uku. Am7: gida na 5 a duka ukun. D7: ta 6 a gida na 5, ta 4 a gida na 4, ta 3 a gida na 5. G6: ta 6 a gida na 3, ta 4 a gida na 2, ta 3 a gida na 4. Daga Am7 zuwa D7 yatsa ɗaya ne ya ja baya da gida ɗaya. Saurari tsirkiya ta 4 kaɗai za ka ji tana sauka, G, F#, E, kamar wata 'yar waƙa a ɓoye. Wannan layin shi ne zuciyar salon. Waɗanda suka yi nazarin faifan Green sun lura cewa a shekarunsa na baya sau da yawa ta 4 ce kaɗai ke fita sarai, sauran yana ɗora musu yatsa ba tare da ya danne su ba. Dalilin a fili yake: bas na riƙe da ƙasa, fiyano da masu busa na sama, jita ta zauna a tsakiya ba ta take ƙafar kowa.

Hannun dama duk bugu ƙasa yake yi, babu na dawowa sama. Motsin daga gwiwar hannu yake fitowa, wuyan hannu a sake, makaɗin ya ratsa tsirkiyoyin da sauri kusa da ƙarshen wuyan jita, ba kusa da jaki ba inda sautin ke bushewa. Bayan kowane bugu sassauta yatsun hagu ba tare da ka ɗaga su daga tsirkiya ba. Nan ne tsawon sautin ke yankewa. Ka yi saurin saki, ya zama ƙwas-ƙwas babu nama. Ka jinkirta, bugun ya haɗe da na gaba, lilon kiɗan ya mutu. Nemi sautin ya kai kamar rabin bugu ko ɗan fiye.

Mutane da yawa suna jin cewa ana ƙarfafa bugu na 2 da na 4, sai su mayar da kiɗan ɗingishi, ɗaya a hankali ɗaya da ƙarfi. Kuskure ne. Farantan mai ganga ne ke fito da 2 da 4. Naka huɗun su zo kusan kai ɗaya.

Don atisaye, sa na'urar ƙirga bugu a 60, ka ɗauki kowane ƙaranta a matsayin 2 da 4, wato kana tafiya a 120. Yi kiɗan bulus (blues) mai awo 12 a G: awo huɗu G7, da ta 6 da ta 4 a gida na 3, ta 3 a gida na 4; awo biyu C7, da ta 6 a gida na 3, ta 4 a gida na 2, ta 3 a gida na 3; awo biyu G7; awo ɗaya Am7, ɗaya D7; biyu G6. Minti goma ba tsayawa. Ɗauki kanka a waya ka saurara. Idan kana gaba da na'urar, yawanci kafaɗa ce ta ƙage. Idan kana makara a wurin canjin kod, kana ɗaga yatsu da nisa ne, bar su suna jan jiki a kan tsirkiya. Sai ya zauna daram kafin ka ƙara gudu, biyar-biyar, har na'urar ta kai 100. Daga nan kunna faifan Basie na shekarun 1950, inda aka fi jin jitar, ka bi Green a hankali yadda sautinka ba zai rufe nasa ba.