Darasin farko na rawar bale: tsayuwa biyar da kalmomin da malami ke kira

A fadojin Italiya aka haifi rawar bale, wato rawar Turawa mai tsararrun ƙa'idoji da ake nunawa a dandamali, a ƙarni na 15, amma Faransa ce ta raine ta. Sarki Luwi na 14, wanda shi kansa ya sha taka rawa a gaban fadawansa, ya kafa cibiyar rawa ta masarauta a Paris a 1661, kuma malaminsa Pierre Beauchamp ake jingina wa tsara tsayuwar ƙafa guda biyar. Shi ya sa har gobe, ko a Mosko ne ko a Tokiyo, da Faransanci malami ke kiran yawancin motsi. Wanda ya yi boko a Nijar ya huta, don yawancin kalmomin na yau da kullum ne. Daga baya Rasha ta karɓi ragama, zamanin da Marius Petipa ke tsara raye-raye, Tchaikovsky na ɗora musu kiɗa.

Komai a bale ya rataya ne a kan juya ƙafa waje, kuma daga mahaɗar cinya da ƙugu ake juyawar, ba daga tafin ƙafa ba. A haɗa ƙafafu, a ɗan mayar da nauyi kan dunduniya, a murza cinyoyi waje har yatsu su buɗe. Inda suka tsaya, nan ne iyakar jikin a yau. Digiri 90 tsakanin ƙafafun ya ishi mai farawa. Miƙaƙƙen layin nan na digiri 180 da ake gani a hotuna aikin shekaru ne. Wanda ya tilasta wa tafinsa buɗewa alhali gwiwa na kallon gaba, gwiwar ce ke murɗewa, nauyi kuma ya zube kan babban yatsa. Ƙa'idar ita ce gwiwa ta kalli inda yatsan tsakiya ke kallo.

A tsayuwa ta ɗaya dunduniyoyi na haɗe. A ta biyu an raba su gefe da gefe kamar tsawon tafi ɗaya da rabi. A ta uku dunduniyar gaba na jingine da tsakiyar ƙafar baya, a ta huɗu ƙafa ɗaya na gaba da tazarar tafi guda, a ta biyar dunduniyar gaba ta kai babban yatsan ƙafar baya. Mai farawa ya yi ta uku a madadin ta biyar tukuna.

Darasi na farawa ne a jikin sandar riƙo da ake kira bar. A gida bayan kujera mai nauyi ya wadatar. A ɗora hannu kawai, kada a damƙe.

Motsi na farko shi ne filiye, Faransawa na rubuta shi plié, wato lanƙwasa gwiwa. Ƙaraminsa, demi filiye, ana sauka ne da ƙirga biyu a tashi da biyu, dunduniya ba ta barin ƙasa. A babbansa, giran filiye, ana sauka har cinyoyi su kusa kwantawa, dunduniya ta ɗaga da kanta, sai dai a tsayuwa ta biyu inda take zama a ƙasa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tura mazaunai baya kamar mai shirin zama. Baya ya tsaya a miƙe, a sauka kai tsaye. Kada a raina wannan motsi. Duk wani tsalle da filiye yake tashi, da shi yake dira, kuma wanda ya dira da sandararriyar gwiwa gaɓoɓinsa ne ke shan bugun. Dalilin ke nan da ba a tsalle a kan siminti.

Sai tandu, miƙe ƙafa. A ja tafi a ƙasa har dunduniya ta ɗaga, yatsu kaɗai su rage, gwiwa a miƙe. Huɗu gaba, huɗu gefe, huɗu baya, huɗu gefe. Nauyi duka na kan ƙafar da ke tsaye. Idan ƙugu ya karkata, an miƙa fiye da kima. Relebe kuma ɗagowa ne kan yatsu, a lura kada idon sawu ya faɗa waje.

Daga nan a koma tsakiyar ɗaki: adajiyo mai tafiya a hankali, juyin firuwet a kan ƙafa ɗaya, sannan alegiro na tsalle-tsalle. A juyi, a kafe ido a wuri ɗaya, kai ya zama na ƙarshen barin wurin, na farkon dawowa, shi ke rage jiri.

Tsayuwa kan tsinin yatsu, wadda 'yar rawa Marie Taglioni ta yi suna da ita a Paris a 1832, ba ta gwadawa a gida ba ce. Bakin takalmin da ake sawa don ita ba katako ba ne, yadi ne da takarda da gam aka jera har suka taurare, don haka ƙarfin ƙafa ne ke riƙe mutum. Yawancin malamai ba sa yarda sai yarinya ta kai shekara 11 ko 12, ta kuma yi shekara biyu zuwa uku tana horo, saboda ƙasusuwan ƙafarta ba su gama ƙwari ba.