Yadda za ka sa fokas ya sauka kan akwatin fom da JavaScript

Ka taɓa cike fom mai tsawo ka danna aika, sai shafin ya ce akwai kuskure amma bai nuna maka wajen ba, ka yi ta hawa da sauka kana lalube? Layi ɗaya na kod ne maganin wannan wahalar, shi ya sa abin ke damuna sosai in na ga an bar shi haka.

Fokas dai shi ne akwatin da ɗan layin nan ke ƙiftawa a ciki, duk abin da ka buga a kibod nan zai shiga. In ka ba akwatin id, a ce imel, sai ka rubuta:

document.getElementById("imel").focus();

Shi ke nan fa. Sai dai ka kula da inda ka ajiye kod ɗin, don in ya fara aiki burauza ba ta gama gina fom ɗin ba to null zai samu, wato bai ga akwatin ba, babu abin da zai motsa kai kuma ka zauna kana zargin kanka a banza. Ka kai shi can ƙasa dab da rufe body, ko ka sa masa defer in a fayil daban yake, ko ya jira DOMContentLoaded, wato sanarwar da burauza ke bayarwa in ta gama gina shafin. In kuma da buɗe shafi kawai kake so, autofocus na HTML5 ya wadatar, guda ɗaya tak a shafi.

Inda abin ya fi amfani a ganina shi ne bayan kuskure. In ka bar wa burauza tantancewa, ita da kanta take kai mutum akwatin farko da ya lalace, amma da zarar ka sa novalidate don ka yi naka saƙon to nauyin ya dawo kanka. Ka nemo akwatin da ya lalace da querySelector("input:invalid"), ka tabbatar ya samu wani abu, sannan ka kira focus. Ka haɗa da select() in kana so tsohon rubutun ya haskaka, mutum na fara bugawa ya goge.

Wani lokacin kod daidai yake amma shiru. Duba ko akwatin disabled ne ko an ɓoye shi da display:none, waɗannan ba sa karɓar fokas, sai ka fara bayyana shi tukuna. Shi kuma div sai ka ba shi tabindex="-1". A Safari na iPhone kuwa kibod ba ya fitowa sai in mutum ne ya taɓa wani abu da yatsansa, don haka ka sa kiran a cikin click na maɓallin.

Don Allah kada ka fizge fokas mutum na tsakiyar rubutu, kuma kada ka goge zoben nan da ke kewaye abin da fokas ke kai da outline:none don kwalliya, akwai masu yawo a shafi da Tab kaɗai ba sa taɓa linzami, da wannan zoben suke gane inda suke.