Yadda ake zama ɗan takarar digirin digirgir a sashen kemistiri a Amurka

Duk wanda ya samu gurbin karatun digirin digirgir a Amurka, a wurin mutanen gida ya riga ya zama dakta, dawowarsa kawai ake jira. A wurin jami'ar da ta ɗauke shi kuwa, har yanzu gwada shi ake yi. Sai ya gama kwasa-kwasan aji, ya samu malamin da zai duba bincikensa, ya tsaya gaban kwamitin farfesoshi ya kare kansa da baki, sannan a rubuta sunansa cikin 'yan takarar digirin. Yawancin sassan kemistiri suna son a kai wannan mataki a ƙarshen shekara ta biyu ko cikin ta uku, a karatun da yakan ci shekara 5 zuwa 6. Wanda ya faɗi sau biyu, akasari digiri na biyu ake ba shi a sallame shi. Na ga hakan ya faru da mutanen da suka fi ni iya aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ni kaina ma sai a zama na biyu na wuce. Abin da zan faɗa a nan daga wurin ya fito.

Abu na farko, a makon da ka sauka, ka nemi littafin ƙa'idojin ɗaliban sashenku ka karanta shi daga bango zuwa bango. Kowane sashe da tsarinsa. Wasu suna fara tarbar sabon ɗalibi da jarrabawar auna ƙarfi, sau da yawa irin wadda ƙungiyar masana kemistiri ta Amurka, ACS, take shiryawa. Wasu suna da ƙananan jarrabawoyi da ake zama lokaci-lokaci har sai ka tara makin da ake buƙata, wasu kuma sun daɗe da soke su. Wasu za su ce ka rubuta shawarar sabon bincike a fagen da ba naka ba. Ka fitar da duk ranakun da ke cikin littafin ka rubuta a takarda ka manna a bangon ɗakinka. Kada ka dogara da abin da na gaba da kai ya gaya maka, domin dokar da ta hau kansa ba lalle ita ce ta hau kanka ba.

Maganar kwasa-kwasai ba zan ja ta ba. Ana buƙatar matsakaicin maki 3.0 cikin 4.0, wato B, kuma duk wanda ya iya samun gurbin zai iya riƙe wannan. Kuskuren da 'yan'uwanmu da suka taso daga gida suke yawan yi shi ne kashe kai a kan neman A a kowane kwas, saboda haka muka saba auna ɗalibi. A nan babu wanda zai tambaye ka makinka bayan ka wuce B. Ga kuma aikin koyar da 'yan digirin farko da yawancinmu muke yi a shekarar farko, wanda shi ne yake biyan alawus, kuma yana iya cin sa'a 20 a mako tsakanin tsayuwa a ɗakin gwaji da duba takardu. Ɗan lokacin da ya rage, ka kai shi wurin bincike.

Daga nan sai zaɓen sufabaiza, wato malamin da zai duba bincikenka, abin da akasari ake kammalawa cikin zangon farko ko kafin shekara ta ƙare. Sunan farfesa da yawan takardun da ya wallafa kowa yana iya gani a intanet. Abin da ba ya intanet shi ne halinsa da ɗalibai, kuma wannan sai ka samu ɗalibansa su kaɗai, ba ya wurin, ka tambaye su. Tambaya uku nake so ka yi: nawa ne daga cikin ɗalibansa suka faɗi jarrabawar gaban kwamiti a 'yan shekarun nan, shin yana zama da ɗalibi ya shirya shi kafin ranar, kuma yana da kuɗin binciken da zai ɗauke ka daga koyarwa. Idan ɗalibi ya yi shiru ya kalli ƙofa kafin ya amsa, ka riƙe wannan shirun, amsa ce.

Kwamiti yakan kasance mutum 3 zuwa 5, kuma wasu jami'o'i suna shardanta a sa mutum ɗaya daga wani sashe. Ɗalibai da yawa suna neman farfesoshin da aka ce ba su da tsanani. Ni ban yarda da wannan ba. Ka zaɓi wanda ya san fagenka, ko da an ce yana da zafi, domin wanda ya san aikin tambayar da ke cikin aikin zai yi maka, wanda bai sani ba kuwa komawa zai yi ga abin da shi ya sani, ya jefo maka tambaya daga wani lungu da ba ka taɓa leƙawa ba. Ka je ofishin kowannensu da ƙafarka kafin ranar, ka gaya masa abin da kake yi cikin minti goma, ka tambaye shi abin da yake ganin ya kamata ka ƙara karantawa. Abin da ya ambata, da wuya bai fito a jarrabawar ba. Ranar zama kuma ka tsayar da ita tun saura wata uku ko huɗu, ka kama ɗaki a lokacin. Haɗa farfesoshi huɗu a ɗaki ɗaya na tsawon sa'a uku aiki ne mai zaman kansa, kuma da hutun bazara ya shigo kowa ya watse.

Rahoton da za ka rubuta, wanda ake miƙa wa kwamiti kamar mako biyu kafin zama, ka gina shi a kan tambaya guda: mene ne ba a sani ba, me ka yi don a sani, me ya rage. Kada ka ɓoye gwaje-gwajen da suka ƙi. Ɗalibin shekara ta biyu da ya kawo sakamako mai kyau zalla, zargi yake jawo wa kansa. Ka sa wanda ya ƙi, ka faɗi dalilin da kake zato, da gwajin da zai tabbatar da zaton. Don jera manazarta ka yi amfani da Zotero, kyauta ne, babu dalilin sayen wata manhaja. ChemDraw, manhajar zana siffar sinadarai, yana da tsada idan da kuɗinka za ka saya, amma yawancin jami'o'i sun biya wa ɗalibansu, haka ma SciFinder da Reaxys, rumbunan neman bayanan sinadarai, ka tambaya a laburare.

Yanzu ga inda na faɗi, kuma a nan ne nake so ka tsaya da ni.

Aikina a lokacin haɗa sinadarai ne ta hanyar Suzuki, wadda ake amfani da ƙarfen faladiyam a ɗinke zarrar kabon da ke riƙe da sinadarin buromin da wata zarrar kabon da ke riƙe da sinadarin boron, aikin da ya sa Akira Suzuki ya raba kyautar Nobel ta 2010 da Richard Heck da Ei-ichi Negishi. Na yi wannan haɗi fiye da yadda zan iya ƙirgawa, hannuna ya faɗa, sakamako yana fitowa da kyau. Na shirya shafuka talatin na nunawa a majigi, na haddace jawabina har ina iya yinsa ido rufe. A shafi na huɗu wata farfesa ta ɗaga hannu. Ta ce ta ga ina zuba sodiyam kabonet a kowane haɗi, wato ɗan'uwan sinadarin da ke cikin kanwa, to wane aiki yake yi a ciki? Na ce idan babu shi haɗin ba ya tafiya. Ta ce ta san haka, dalilin take tambaya. Ta miƙo mini alƙalamin allo ta ce in zana mata zagayen da faladiyam yake yi daga farko har ya dawo.

Na zana matakin farko, inda faladiyam yake kutsawa tsakanin kabon da buromin. Na zana na ƙarshe, inda kabon biyun suke haɗuwa su saki ƙarfen ya koma yadda yake. Na tsakiya, inda ɓangaren da ke jikin boron yake ƙaura zuwa kan faladiyam, wanda nan ne ainihin inda kabonet ɗin yake da amfani, sai na tsaya da alƙalami a hannu. Ɗakin ya yi tsit, ina jin ƙarar fankar majigi. Maimakon in ce ban sani ba, sai na fara ƙirƙiro bayani, kowace jimla tana buɗe wata sabuwar ƙofa da ba ni da makullinta. Wani farfesa ya tambayi dalilin da ya sa nake busa iskar naitirojin a cikin ruwan kafin in fara. Wannan ma amsata ita ce haka ake yi, alhali amsar a kusa take: iskar oksijin tana lalata faladiyam ɗin da sinadarin fosfin da ke riƙe da shi, tana kuma sa ɓangaren boron ya haɗu da ɗan'uwansa maimakon abokin da ake so. Ba mu kai shafi na goma ba lokaci ya ƙare. Aka ce in dawo bayan wata uku.

Abin da na gane a cikin watannin nan shi ne kwamitin ya riga ya karanta sakamakona a rahoto, bai taru don ya sake jin sa ba. So yake ya ga ko na san dalilin kowane abu da hannuna yake yi, domin wanda za a bar wa bincike ya ja da kansa na shekara uku, dole ya iya gyara hanya ranar da littafi ya daina aiki. Don haka ga yadda za ka shirya, kuma ban san wata hanya da ta fi ta ba.

Ka ɗauki littafin aikinka na ɗakin gwaji, ka buɗe gwajin da ka fi yawan yi, ka bi shi layi-layi. Kowane abu da ka zuba, ka tambayi kanka don me. Don me wannan ruwan narkarwa ba wani ba. Don me wannan zafin, kuma me zai faru idan ka ƙara digiri 10. Idan kana aiki da NMR, na'urar da ke nuna tsarin sinadari a matsayin tsinaye a kan takarda, ka san kowane tsini da ke kan takardar, har da waɗanda ba na sinadarinka ba: na ragowar kulorofom da ke cikin ruwan narkarwa CDCl3, wanda ke fitowa a 7.26 a ma'aunin takardar, da na ruwa da ke laɓewa wajen 1.56. Ka san yadda na'urar kanta take aiki, gwargwadon da za ka iya bayyana wa ɗan aji ɗaya. Mai aiki da hasken UV, wanda ido ba ya gani, ya iya rubuta dokar Beer da Lambert, wadda ke danganta hasken da ruwa yake sha da yawan sinadarin da ke cikinsa, ya faɗi inda take daina aiki. Lissafin Arrhenius na yadda zafi ke sauya saurin haɗuwar sinadarai, da alaƙar ΔG da ΔH da ΔS da ke nuna ko haɗi zai iya tafiya da kansa, da pKa, wato ma'aunin ƙarfin asid, na sinadaran da kake taɓawa kullum, waɗannan a kanka za su zauna. Tambayoyin da suke kayar da mutane kusan duk daga karatun digirin farko suke fitowa, abubuwan da muka haddace muka ci jarrabawa muka manta.

Sannan ka yi duk wannan a tsaye, a gaban allo, da murya. Sanin abu a zaune da iya zana shi mutum huɗu suna kallon bayanka, tsakaninsu akwai nisa. Ka sayi ƙaramin farin allo ka rataya a ɗaki, kuɗinsa bai kai na cin abinci sau biyu a waje ba. Ka tara manyan ɗalibai da masu aikin bayan digiri a rukuninku, har da na wasu rukunoni, su yi maka jarrabawar gwaji aƙalla sau biyu, ka roƙe su kada su tausaya maka, su katse ka tun daga shafin farko. Shafukan nunawa kada su wuce goma sha biyar. Za a katse ka ko ka so ko ka ƙi, kuma duk abin da ka sa a shafi ka ba da izinin a tambaye ka a kansa, don haka abin da ba za ka iya karewa ba ka cire shi.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Mun taso da tarbiyyar cewa ba a ja da malami, ba a kallon babba ido cikin ido, kuma cewa ban sani ba a gaban manya abin kunya ne. A wannan ɗakin, farfesa yana iya faɗin abin da ya san ba daidai ba ne da gangan don ya ga ko za ka tsaya a kan hujjarka. Idan kana da hujja, ka faɗe ta cikin ladabi, ka nuna a allo. Idan ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka ci gaba: ga abin da na sani kusa da shi, ga yadda zan bi in gano. Za su ci gaba da tura ka har sai sun kai iyakar saninka, kowa sai an kai shi wurin, don haka isa iyakar ba faɗuwa ba ce. A zamana na biyu sau uku na ce ban sani ba, kuma na wuce.

Bayan an fitar da kai waje an tattauna an kira ka an taya ka murna, saura takardu, kuma kada ka bar ɗakin sai kowa ya sa hannu a fom ko ya tabbatar ta intanet. Ka duba ko akwai horon kiyaye haɗari ko na ɗa'ar bincike da ba ka kammala ba, domin ƙaramin abu irin wannan yana iya tsare fayil ɗinka a ofishin makarantar manyan digiri har zango ya wuce. Jinkirin yana da tsada. A Jami'ar Kalifoniya, alal misali, ɗalibin da ya zo daga ƙasar waje ana cire masa ƙarin kuɗin makaranta na baƙi, sama da dala dubu 15 a shekara, har tsawon shekara uku daga lokacin da ya zama ɗan takara, kuma kafin nan sau da yawa daga asusun binciken sufabaiza ko na sashe kuɗin yake fita. Ka leƙa ofishin ɗaliban ƙasashen waje a duba ranar ƙarewar takardarka ta I-20, wadda makaranta ke ba ɗalibin ƙasar waje ta shaidar zamansa ɗalibi, ka rubuta duk gyaran da kwamiti ya ba ka tun kafin ka manta, ka sa ranar zamanku na gaba da su a kalanda.