Kurakuran da aka fi yi wajen bambance kuskuren bugu da lalacewar tsabar kuɗi

Mai tara tsofaffin sulalla yakan ga kwabo mai wata siffa ta daban ya ɗauka ya tsinci dami a kala, alhali mafi yawan irin waɗannan kuɗaɗe lafiya lau suka fito daga masana'anta, daga baya ne ƙasa ko ruwa ko hannun mutane suka ɓata su. Kuskuren bugu shi ne abin da ya faru kafin kwabon ya bar injin, don haka tambayar farko ita ce a wane mataki na aikin tabon zai iya samuwa. Matakan ba su da yawa: ana yanko faifan ƙarfe daga falle, a tayar masa da baki, sannan a matse shi tsakanin hatimi biyu, wato ƙarafan da ke ɗauke da zanen fuskokin kuɗin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar karce a matsayin tsagewar hatimi. Idan hatimi ya tsage, ƙarfe kan shiga cikin tsagar lokacin bugu, sai layin ya fito a tashe a kan kwabon. Karce kuwa rami ne, kuma idan aka duba da gilashin ƙara girma za a ga ƙarfen da aka ture ya taru a gefensa. Haka ma idan wuri ya lotsa a fuska ɗaya, bayansa kuma ya kumbura ko ya baje, to duka kwabon ya sha bayan fitowarsa.

Launi ma yana ruɗar mutane. Tagullar da ta daɗe a ƙasa takan yi kore ko baƙi, fuskarta ta yi ƙananan ramuka, sai a ce da wani ƙarfe daban aka buga ta. Sikeli ne ke raba wannan gardama. Sentin Amurka (ƙaramin kwabonsu) na tagulla yana da nauyin giram 3.11, wanda aka fara yi da tutiya a 1982 kuma giram 2.5 ne. A 1943, saboda yaƙi, da baƙin ƙarfe aka buga sentin, sai 'yan ƙalilan suka fito da tagulla bisa kuskure, kuma tsadarsu ta sa ake shafa wa na ƙarfen ruwan tagulla a yaudari masu saye. Maganaɗisu yana kama na jabun, ba ya kama na gaskiyar.

Kwabon da gefensa ya gutsure yana buƙatar natsuwa. Idan tun wajen yanka faifan aka samu giɓin, zanen yakan dusashe a hankali zuwa bakin giɓin, kuma sau da yawa bakin da ke daura da shi a ɗaya ɓangaren yakan fito da rauni. Wanda aka yanka da zarto ko almakashin maƙera yana da kaifi, rubutunsa kuma a yanke yake tsaf. Shi kuwa wanda ya sirance har zanensa ya yi dishi-dishi a fuskokin biyu, yawanci sinadari mai cin ƙarfe ne ya zaizaye shi. Huda ma ba hujja ba ce, domin kwabon Nijeriya na 1959 da hudarsa a tsakiya aka ƙera shi, ƙaramar huda a gefe kuma aikin masu ratayawa don ado ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gaggawar goge kwabo da toka ko tsamiya don a ga abin da ke ƙarƙashin dauɗar. Gugar tana cinye fatar ƙarfen da ake karanta shaidar bugu a kanta, tana kuma zubar da darajarsa ko da kuskuren na gaske ne. A riƙe shi ta gefe, a auna nauyinsa da faɗinsa, a jera shi da wani na shekara ɗaya, sannan a adana shi a busasshen wuri har masani ya duba.