Yadda Za Ka Canza Kamfanin Layi Ba Tare Da Ka Rasa Lambarka Ba

Shekara tara ina riƙe da lamba ɗaya. Masu aiko mini da albasa daga Aliero da masu saye a kasuwar Mile 12 duk ita suka sani. Da na koma wani ɗaki a Agege sai sabis ya ƙi shiga, sai na fito bakin titi kafin in ji muryar Inna. Na daɗe ina haƙuri don tsoron rasa lambar, ashe tun 2013 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba kowa damar ɗaukar lambarsa ya koma wani kamfani, kuma kyauta ne.

Fara da gwaji. Ari wayar maƙwabcin da ke kan kamfanin da kake so, ka shiga ƙuryar ɗakinka ka kira gida, gobe ka sake gwadawa a rumfarka. A Legas, sabis ɗin da ya cika a Obalende yana iya zama sanda ɗaya a Idi-Araba.

In ka gamsu, cinye katinka da datarka, domin ba sa bin ka zuwa sabon kamfani. Sannan ga abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya: lambobin da ke ajiye a kan tsohon sim. Za a ba ka sabon sim ne, babu ko suna ɗaya a cikinsa. Kwashe su zuwa asusun Google tun kana gida. Na ga dattijo a layinmu na kasuwa yana bin 'yan kasuwa ɗaya bayan ɗaya yana karɓar lambobinsu saboda ya tsallake wannan matakin, abin ya ba ni tausayi.

Daga nan sai ofishin sabon kamfanin, ba na tsohon ba. Tafi da katin shaida, da lambar NIN, da wayar da tsohon sim yake ciki. Dole sunan da ke kan rajistar layin ya zama naka. In ƙaninka ne ya yi maka rajista a can baya, gyara wannan tukuna, in ba haka ba za a dawo da kai. Za ka cike fom, ka tura kalmar PORT zuwa 3232 daga tsohon layin, su miƙa maka sabon sim. Aikin ba ya wuce awa 48. Da ka ga tsohon ya ɗauke, sa sabon. Alat ɗin banki da WhatsApp suna nan yadda suke, tunda lambar ba ta canza ba.

In da sabuwar waya za ka haɗa, ko a Computer Village ta Ikeja ka saya, danna *#06# ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta jikin kwali, kuma ka karɓi rasit. Kalmar sirrin Google, rubuta ta a takarda ka adana, kar ka bar wa yaron shago shi kaɗai ya sani.

Makon farko wayar za ta sha data kamar rairayi ya samu ruwa. Shiga Play Store ka hana manhajoji sabunta kansu sai da Wi-Fi, a WhatsApp kuma ka kashe saukar bidiyo kai tsaye, musamman in kana cikin zaurukan 'yan garinku. Tun 2023 lambobin dubawa iri ɗaya ne a duk kamfanoni: *310# don kati, *323# don ragowar data, *312# don sayen data. Mai son rubuta ƙ da ɗ da ɓ daidai ya ƙara Hausa a Gboard, allon rubutu na Google.

Kafin ka hau danfo da ita, sa wa allon makulli, shi ma sim ɗin ka sa masa PIN. Ɓarawon waya a yau sim yake nema, don da shi ake shiga asusun banki. Sai dai ka kula, kuskure uku a jere yana rufe shi, don haka ka adana katin da aka ɓallo sim ɗin daga jikinsa, a nan lambar PUK mai buɗe shi take.