Fanka mai fitila: nawa madabod zai iya ɗauka?

Masu haɗa kwamfuta a shagunan buga takardu da gidajen gem, daga Wudil har Ringim, sukan sayo fanka mai fitila uku-uku ko shida-shida daga Kano, su jona su gaba ɗaya a wuri guda. A nan ɓarnar take farawa. Yawancin irin wannan fanka wayoyi biyu gare ta: ɗaya ta injin da ke juya ta, ɗaya ta fitila. Kowace da soket ɗinta a jikin madabod, wato babban allon da ake jona kayan kwamfuta a kai, kowane soket kuma da iyakar wutar da zai iya bayarwa, don haka lissafi biyu za ka yi.

Na injin ba shi da wuya. Soket ɗinsa an rubuta masa SYS_FAN ko CHA_FAN, yana ba da bolt 12, kuma a mafi yawan madabod iyakarsa amp ɗaya (1A) ce, wato wat 12. Juya fankar ka duba takardar da ke manne a bayanta, za ka ga an rubuta abin da take ci, misali 0.25A. Uku sun zama 0.75A, babu laifi. Huɗu sun cike 1A cif, kada ka yi. Fanka tana jan wuta fiye da kima a lokacin da za ta tashi, balle idan ƙurar hunturu ta cushe mata ciki ta yi nauyi. Ka tsaya a 0.8A.

Fitilar ce ke bukatar natsuwa, domin soket ɗinta iri biyu ne, kuma sun yi kama da juna a ido. Akwai mai fil huɗu a jere, na bolt 12, shi ne RGB. Akwai mai fil uku da giɓi guda a tsakani, na bolt 5, shi ne ARGB, wanda kowace ƙwayar fitila ke iya yin launinta daban. Idan ka tura wayar bolt 5 a soket ɗin bolt 12, ƙwayoyin za su ƙone nan take, ba su kuma gyaruwa. Wayar da ta ƙi shiga, kada ka danna ta da ƙarfi. A kan filogin ARGB akwai 'yar kibiya ƙarama. Ita ce za ta fuskanci fil ɗin da aka rubuta wa 5V.

Ƙwayar fitila irin WS2812B, wadda aka fi sani a wannan aiki, tana da launi uku a ciki, ja da kore da shuɗi, kowanne na jan kusan 20mA. Idan duka ukun suka kunnu suka ba da fari tas, ƙwaya ɗaya ta ci 60mA ke nan, wato 0.06A. Soket ɗin ARGB na madabod ɗin ASUS da MSI yawanci 3A ne, wat 15. Raba 3A da 0.06, ka samu ƙwaya 50. Fanka mai ƙwaya 16 tana cin 0.96A, ashe uku sun kusa cinye soket ɗin. Mai ƙwaya 8 kuwa, shida za su shiga da ƙyar. Wani zai ce ai ya jona takwas kuma suna aiki. Gaskiya ne, launin bakan gizo ba ya kunna dukkan launuka a lokaci guda, shi ya sa bai ga matsala ba. Ranar da yaron shago ya canza su zuwa fari a cikin manhaja, ranar zai gani. A koyaushe yi lissafinka da fari, kuma ka duba littafin madabod ɗinka, don iyakar ta bambanta.

Kafin soket ya ƙone yakan nuna alama. Fankar da ke ƙarshen layi ta dusashe ko farinta ya koma ruwan ɗorawa, fitilu su riƙa ƙyaftawa, filogi ya yi zafi, wani lokaci har ka ji ƙaurin roba. A zafin watan Afrilu, cikin shago mai rufin kwano, abin ya fi saurin kai wa nan.

Idan fankokin sun wuce uku, sayi akwatin rarraba wuta da ake kira hub, amma mai wayar SATA da ke jawo wuta kai tsaye daga PSU, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta. Madabod sai ya zama umarni kawai yake bayarwa. Wanda ba shi da wannan waya ramuka kawai ya ƙara maka, nauyin yana nan a kan soket. Shi ma filogin SATA iyakarsa 4.5A ce a layin bolt 5, kuma ka guji jona shi ta adafta mai arha daga Molex, wani tsohon filogin PSU, tana narkewa. Fankokin da suka zo da rimot da filogi mai fil shida, a akwatinsu kaɗai ake jona su.

Mai amfani da sola ya lura: fanka shida masu ƙwaya 16 a kan fari suna shan kusan wat 29, injinansu kuma wat 18. Rage hasken zuwa rabi, ko ka kashe shi da rana, batir ya huta.

Wajen jonawa, kashe kwamfuta, zare wayar wuta daga bango, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wutar ta fita. Bayan ka gama, kunna, sa duka a fari na minti goma, sannan ka taɓa kowane filogi da yatsa. Wanda ya yi zafi, rage masa fanka ɗaya.